Tiyar Inna da Tiyar Ilu

Da sunan Allah nake farawa, shi ne ya san abin da baki ya faɗa da abin da ya riƙe. 'Yar'uwarku Nana ce ke rubutawa, ni ina faɗa, kuma na gaya mata duk inda ta gyara mini magana zan gane in ta karanta, don ban san baƙi ba amma na san muryata. Kun sha jin ana cewa uwarku ta tashi tun daga Liyon ta tafi Paris don ta tozarta ƙanenta a gaban jama'a. Wasunku a gidan suna suka ji, wasu a waya daga bakin 'ya'yan kawunku Ilu. Ba wanda ya taɓa tambayata, ban kuma ga laifinku ba, na san fuskata ba ta gayyatar tambaya. To ga yadda aka yi.

A lokacin muna Vénissieux, a gefen Liyon, a bene na goma sha ɗaya. Babanku yana aiki a uzin, wato masana'anta, a Saint-Fons, yana dawowa da wani wari a riga wanda sabulu bai iya masa. Bayan la'asar ina jan kujera bakin taga in dubi hayaƙin uzin ɗin yana tashi fari, yana kwantawa bisa kwarin kamar an shanya zannuwa. In na daɗe ina kallo sai motoci da gidajen ƙasa su narke, in ga rumfar Inna a kasuwar hatsi ta garinmu, tana zaune bisa buhu, ƙafa a miƙe, tana awo. Har ƙarar nake ji, gero yana zuba cikin ƙarfe kamar farkon ruwan sama bisa kwano. Inna ta rasu tun ina da cikin yayanku. Rumfa ta koma hannun Ilu, ƙanena da na goya har bayana ya yi kanta. Ni kuwa abin da na ɗauka shi ne tiyarta, kwanon da take awo da shi. Mutanen garin koro suke ce masa, mu da tushenmu Damagaram muke cewa tiya. Bakinta ya sha hannu har ya yi sulɓi, a gefenta akwai zane uku kamar sawun kaza, alamar gidanmu. Inna tana cika ta har ta yi tozo, gero ya fara gangarowa da kansa, sannan ta ƙara gyara da tafin hannu. Na zo da ita Faransa a naɗe cikin zani, da ita nake auna shinkafar da kuka ci kuka girma.

Sai yaƙi ya shigo har cikin birninmu can gida. Kwana uku waya ba ta shiga, ni kuma kwana uku ban san abin da na dafa ba. Da ta shiga Ilu ya ce suna lafiya, sun kwanta a ƙasa da yara, an fasa rumfuna amma tasa Allah ya tsare. Bayan haka hatsi ya yi fiffike. Abin da ka saya da safe, da azahar ya fi ƙarfinka. Gwamnati ta yanke kuɗin gero da dawa da shinkafa da sukari da mai, aka kafa allo a ƙofar kasuwa, aka ce wanda ya wuce abin da ke rubuce zai gamu da hukuma. An ce dokar ta 'yan watanni ce, kafin a samu kaka. Kaka ta zo, bindiga ta yi shiru, sai gardama ta tashi: a ɗage dokar, ko a ƙara mata shekara. A rediyo ita ake yi, a ƙofar masallaci ita, har ta hau asansar, na'urar hawa bene, ta zo ta zauna a kan tabarmar cin abincinmu. Yayanku yana karatun tattalin arziki a Paris, yana zuwa ƙarshen mako, shi da babanku kuwa kamar an haɗa zakaru biyu a akurki ɗaya.

"Kai da ba ka taɓa sayen tiya ɗaya da guminka ba," in ji babanku, "kai ne za ka koya mini kasuwa? A ɗage dokar nan yau, gobe talaka ya ci ƙasa."

"Baba, manomin fa? Shi ba talaka ba ne? A ce ya sayar ƙasa da wahalarsa, baɗi ba zai shuka ba. Ko ya sa buhunsa a kwalekwale ya haye Kamaru."

"To a tsare kogin."

"Wa zai tsare? Waɗanda ke tsare da shi yanzu? Mais Baba, c'est pas sérieux."

"Ji shi! Na biya lakkwal ya yi boko, an cire masa tausayi an zuba masa Faransanci."

Ni ina zuba miya ina kallonsu. 'Yar mai hatsi ce ke tsaye a kansu, wadda ta yi rarrafe cikin ƙaiƙayi, amma ba wanda ya juyo ya ce ke me kika gani.

Akwai Hajiya Falmata, mai butik, wato shago, a unguwar Barbès ta Paris. Tana zuwa gida sau biyu a shekara, ita ke kai mana saƙo ta kawo. Wani ƙarshen mako yayanku ya karɓo mini ƙulli daga wurinta, na Hadiza matar Ilu: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, duk an danna cikin wata tiya an ɗaure da tsumma. Na juye kayan, na kai kwanon famfo ina wankewa, hankalina yana can wani wuri. Babban yatsana ne ya fara sani kafin idona. Gindin kwanon ya taso daga ciki, kamar an kifa faifai a ƙasansa. Na juya shi. Sawun guduma ne, an bi an shafe da baƙin tukunya. A gefe kuma ga sawun kaza, zane uku. Na rufe ƙofar kicin. Na cika tiyar Inna da shinkafa har tozo, na juye a hankali cikin ta Ilu. Ta cika, ta yi tozo, ta fara zuba, a cikin ta Inna kuwa da sauran tafi biyu masu kyau. Sau uku na yi, ko hannuna ne ya karkace. Sannan na zauna a ƙasa, shinkafa tana sukar ƙafata. Tafi biyu kunun yaro ne na safe. Na kuma san masu zuwa rumfarmu, ba masu buhu ba ne, masu tiya ɗaya ne, zawarawa da matan masu turin kaya, masu kwance kuɗi daga bakin zani. Har yau ban sani ba ko Hadiza cikin gaggawa ta ɗauki kwanon da hannunta ya kai, ko da gangan ta aiko shi. Ban tambaye ta ba, ita ma ba ta taɓa ɗauko zancen ba.

Na kira Ilu. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, muka sake ɗauko ta daga farko. Na ce, "Kasuwa fa?" Ya ce, "Alhamdu lillahi, Yaya, yadda hukuma ta ce haka muke sayarwa." Maganar ta zo mini har baki ta koma ciki. Ban iya faɗa a waya ba, kamar duk ƙasashen da ke tsakaninmu sun kasa kunne. Sai na yanke abin da zan yi: in haɗa tiyoyin biyu in ba Falmata ta kai masa, ba saƙon baki. Yana gani zai gane. Ban gaya wa babanku ba, ban gaya wa kowa ba. Ku riƙe wannan, don shi ne abin da masu ba da labarin ke tsallakewa. Da niyyar rufin asiri na bar gida.

A makon ne ƙungiyar mutanenmu ta kira taro a Paris, ranar Asabar, a kan wannan doka, za a rubuta takarda a aika gida da sunan mazauna Faransa. Babanku zai je. Da na ce zan bi shi sai ya dube ni kamar kujera ce ta yi magana. A jirgin ƙasa na rungume jakata a cinya. Gonaki suna wucewa, rawaya da kore, ba mutum ko ɗaya a cikinsu, ka ce aljanu ke noma su. Gyangyaɗi ya ɗauke ni, sai ga Inna a kujerar da ke gabana, cikin zaninta na saƙi, ta miƙa tiya ta taga tana ɗibar gonakin Turawa tana juyewa a ƙasa, ba ta ko dube ni ba. Na farka da ƙarar jirgin yana shiga gar, tashar Paris. Babanku ya wuce wurin taro, na ce zan biyo baya. A Barbès na bi ƙarƙashin gadar metiro, kasuwa ta cika, masu lemo suna ihu, jirgi yana wucewa bisa kanmu ƙarfe yana rawa. Na shiga wani kanti na sayi gero na cika tiyar Inna, don a gidanmu ba a aika kwano ba komai a ciki. Na isa butik ɗin Falmata na tarar a kulle. Maƙwabcinta mai sayar da wayoyi ya ce ta tafi taro. Shi ke nan abin da ya kai jakar nan ɗakin taro. Da ƙofar Falmata a buɗe take, da babu wannan babin.

Ɗakin a ƙasan wani gini yake, ba taga, maza a gaba, mata a baya kusa da shayi. Na zauna ina kallon bakuna. Wannan ya tashi da Faransanci, wancan da Larabci, wani ya juya da Hausa. 'Yan makaranta suna ɗaga takardu, 'yan uzin suna ɗaga murya. Wani tsoho ya ce lokacin da ake harbi ba ɗan kasuwar da ya tuna da manomi, sai yanzu. Wani ɗan Nijar mai gilashi ya ce dokar da aka yi don wuta ba a barinta bayan wuta ta mutu. Wata mata kusa da ni ta ce, "Duk cikinsu ba wanda ya san ta inda ake kwance bakin buhu." Zafin ɗakin ya sa muryoyin suka fara yi mini nisa, kamar ina ƙarƙashin ruwa. Sai na ji sunan Inna. Malam Garba ne, bai daɗe da dawowa daga gida ba, yana cikin masu son a ƙara wa dokar wa'adi.

"Masu cewa ɗan kasuwa ba zai iya ba, ku je rumfar Ilu ɗan Hajiya Ladi mai hatsi! Da idona na gani. Kuɗin allo yake sayarwa, ko yini ɗaya bai rufe ba, layi har bakin titi, kuma bai mutu ba. Gidan amana ke nan tun daga uwarsu. Ga yayarsa can a zaune. Hajiya, tashi a gan ki! Ke za ki fara sa hannu a takardar nan."

Aka juyo, aka yi tafi. Babanku ya gyara hula, fuskarsa kamar ranar da aka haifi yayanku. Wani ya ce Hajiya ba ta rubutu, a kawo tawada ta dangwala. Na tashi. Daga kujerata zuwa teburin bai fi taku ashirin ba, amma na daɗe ina tafiya. Ina iya cewa kaina ke ciwo. Ina iya dangwalawa in koma in zauna, a ci gaba da yi wa Inna addu'a. Aka tura mini tawada, na ɗaga babban yatsa, sai na ga shi ne dai yatsan da ya taɓa gindin kwanon nan a famfo. Takardar za ta tafi da sunan uwata a matsayin shaida, a ƙara shekara guda matan nan suna kwance bakin zani suna komawa gida da tafi biyu babu. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma tabbata na yi da kaina ba. Na ɗora jaka bisa tebur, na kwance, na ajiye tiyoyin gefe da gefe, na ɗaga ta Inna na juye. Gero ya cika ta Ilu, ya yi tozo, ya gangaro bisa takardarsu, ya sauka ƙasa yana tsalle tsakanin takalma. Ɗakin ya yi tsit har ana jin ƙwayoyin suna gudu.

Na ce, "Wannan ta uwarmu ce. Wannan ta ƙanena ce. Kuɗin na allo ne, tiyar kuma ta mai guduma."

 Kafin in rufe baki kowane ɓangare ya ɗauke ni ya sa a aljihu. Yayanku ya miƙe yana cewa, "Voilà! Doka ce ta mai da mutumin kirki haka!" Su Malam Garba suna cewa ai wannan ne dalilin a ƙara dokar, a ƙara masu duba kasuwa. Suna ta yi bisa kaina, ba wanda ya dubi geron da suke takawa. Ni da Falmata muka durƙusa muna tattarawa da hannu.

"Haba Hajiya," ta ce a hankali, "da kin ba ni a ɗaki."

"Na je, kin kulle."

"Har yanzu in kai masa?"

"Ki kai."

A jirgin komawa, da muka hango fitilun Liyon, babanku ya juyo gare ni. Ya ce, "Kin zubar da ni tare da geron." Daga nan ya karɓi jakata ya riƙe, ko da yake ba komai a cikinta. Ashe wani ya ɗauki abin a waya, labari ya riga mu sauka. Masu duba kasuwa suka bi layin hatsi suka kwashe kwanonin kowa, suka rufe rumfar Ilu har damina ta wuce. Maƙwabtansa suka daina amsa masa sallama, don ta dalilin gidanmu aka taɓa su. Ya sayar da babur ɗinsa, Hadiza ta koma soya ƙosai a ƙofar gida. Sau ɗaya ya kira ni, ko gaisuwa babu.

"Yaya, kin san yadda nake sayowa a ƙauye?"

"Ban sani ba."

"Ba ki tambaya ba. Ko in rufe rumfa mutane su rasa, ko in ɓoye buhu in sayar ta bayan gida ga masu hali, ko in daki gindin kwano. Duk layinmu an daka. Masu sayen ma sun sani."

"Inna ta sani?"

 Ya ce, "Ke kina bene na goma sha ɗaya. Yunwa ba ta hawa can."

Ya kashe. Kuma gaskiya ya faɗa. Nana, rubuta wannan yadda na faɗe shi, kar ki tausasa: ban yi nadamar ƙin dangwala yatsa ba, amma ranar da na kira shi maganar ta koma mini ciki, a ranar na cuce shi. Na ji kunyar tambayar ƙanena a waya, mu biyu, na zo na tambaye shi a gaban mutum ɗari. Dokar kuwa an ƙara mata wa'adi, daga baya ta mutu a tsaye ba wanda ya sanar, allon ya kwana biyu a ƙofar kasuwa rana ta cinye rubutun. Takardar Paris ban san inda ta ƙare ba.

Shekara bakwai Ilu bai ɗauki wayata ba. Duk sallah ina kira, ina jin tana ƙara a can, ina ganin ɗakin da take ƙara a ciki, da labulen, da shi zaune yana kallonta. Da babanku ya rasu ya aiko gaisuwa ta bakin Hadiza. Kicin ɗina ba tiya, na koma awo da kofin roba, tuwona bai sake zama daidai ba, kun yi ta ƙorafi ba ku san dalili ba. Ko a taga Inna ta daina zuwa. Hayaƙin Saint-Fons ya koma hayaƙi kawai.

Wata ranar Talata da hantsi aka kawo mini ƙulli daga Falmata, mai nauyi. Tiyoyin nan biyu ne, ta Inna cike da geron gida, ta Ilu a kife bisa kanta. Ba takarda, ba saƙon baki. Na juya tasa. An sake dukan gindin, wannan karon daga ciki, sawun gudumar ya tsufa har ya yi sulɓi. Na rufe ƙofar kicin ko da yake ni kaɗai ce a gidan. Na juye. Geron Inna ya ƙare kaf, tiyar Ilu ba ta cika ba, da sauran yatsa guda kafin baki. Sau uku na yi. Na ɗauki waya, bugu ɗaya ya amsa, kamar a hannunsa take.

"Yaya."

"Ilu."

"Kin auna?"

"Na auna."

"Ta yi?"

"Ta wuce da yatsa guda. Wannan ma ba awon Inna ba ne."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na ji Hadiza tana cewa a ba shi ruwa. Da ya samu numfashi ya ce, "Ke dai ba a iya miki. Tun ranar da aka buɗe mini rumfa da ita nake awo. Yatsan nan na matan da na rage wa ne. Yanzu idona ya yi rauni, yara sun karɓi kasuwa, sun ce sikeli za su sa. Na ce a kai wa Yaya ta duba aikina."

 Na dubi taga, hayaƙin ya kwanta fari bisa kwarin. Na ce masa, "Wannan tarin, kana shan magani kuwa?"

Tiyoyin suna bisa kabad ɗin ɗakina, ɗaya cikin ɗaya. In Allah ya karɓi abinsa, ta Inna ku ba wadda ta fi yawan baƙi a cikinku. Ta kawunku ku mayar wa 'ya'yansa, a cike, kuma kar wanda ya kai ta wurin maƙeri. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa a auna mana da irin ta Ilu.